Yadda ake haɗa akwatin girki da hasken rana, da yadda ake dafa abinci a cikinsa

Duk wanda ya taɓa leƙa madafi a ƙauyukan arewacin Bauchi, wajejen Gamawa ko Zaki ko Itas, ya san cewa rufin ɗakin ne ke fara ba shi labari tun kafin matar gida ta ce uffan. Kunkunniya ta yi baƙi ƙirin a jikin azara har tana reto kamar yanar gizo, matar na tsugune gaban murhu mai duwatsu uku tana hura itacen da bai gama bushewa ba, idanunta na ruwa, goyon da ke bayanta kuma yana shaƙar abin da take shaƙa. Abin nan da ya manne a rufi shi ne yake shiga ƙirji kullum safe da yamma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a duniya, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Ga kuma wahalar samun itacen kansa, domin Bauchi da Gombe suna cikin jihohi 11 na Najeriya da aka sa a shirin shingen itatuwa na Afirka saboda matsowar hamada, kuma dajin da a da yarinya kan je ta dawo kafin hantsi yanzu sai ta yi rabin wuni. Kananzir da gas kuwa sun daɗe da fin ƙarfin talakan ƙauye, balle bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wanda ya tayar da kuɗin jigilar komai.

A wannan ƙasar da itace ke ƙaranci kuma rana take kwana bakwai a mako tana dukan tsakar gida tun daga kaka har zuwa faɗuwar damina. Ana iya tara zafinta a cikin akwati a dafa shinkafa da wake da nama, ba hayaƙi, ba toka, ba kuɗin makamashi. Sai dai tun daga farko ya kamata a faɗi gaskiya: akwatin rana ba zai kori murhu daga gida ba. Ba ya aiki da dare, ba ya aiki ranar da hadari ya rufe sama, ba ya toya ƙosai, kuma masar nan da aka san Bauchi da ita sai dai a tanda kan wuta. Aikinsa shi ne ya ɗauke wa murhu girkin da ya fi cin itace, irin su wake da gurjiya da nama da dafa ruwan sha, a watannin da rana ke da ƙarfi. Gidan da ya ɗauke shi a haka zai daɗe yana morarsa, wanda kuma aka yi wa alkawarin ya rabu da itace har abada zai jefar da shi bayan mako biyu.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani masanin ƙasar Suwizalan, Horace de Saussure, ya haɗa akwati mai rufin gilashi a 1767 ya ga yadda zafi ke taruwa a ciki. A shekarun 1970 wasu mata biyu a jihar Arizona ta Amurka, Barbara Kerr da Sherry Cole, suka nuna cewa kwali ma ya isa, kuma daga aikinsu ne irin akwatin da za a bayyana a nan ya yaɗu. A gabashin Chadi, a sansanin Iridimi, matan da suka gudo daga Darfur sun yi girki da rana saboda fita neman itace ta zame musu haɗari. A nan gida ma cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana ƙera na'urorin girki da na busar da amfanin gona masu aiki da rana.

Yadda abin ke aiki kuwa, duk wanda ya taɓa buɗe motar da aka ajiye a rana da gilasai a rufe a watan Afrilu ya riga ya sani a jikinsa. Haske yana ratsa gilashi ya shiga, idan ya faɗa kan abu baƙi sai ya zama zafi, zafin kuma ya rasa hanyar fita saboda gilashin ya tare iskar da ta ɗumama. Idan aka ƙara abu mai sheƙi da zai maido wani hasken cikin akwatin, aka kuma cusa wa bangonsa abin da ke hana zafi tsiyayewa, cikinsa yakan kai digiri 120 zuwa 150 a ma'aunin Salsiyas da rana tsaka. Abinci yana nuna tun daga wajen digiri 85, ruwa yana tafasa a 100, kwali kuwa ba ya kama wuta sai ya haura digiri 200, shi ya sa akwatin ke dafa nama ba tare da shi kansa ya ƙone ba.

Abubuwan da za a tanada

Ana buƙatar kwali biyu masu ƙwari, babba da ƙarami, yadda idan aka sa ƙaramin cikin babban za a sami tazarar santimita 5 zuwa 7, wato kamar faɗin yatsu huɗu, a kowane gefe da kuma ƙasa. Kada faɗin ƙaramin ya gaza santimita 40 kowane ɓangare, domin girman bakin akwatin shi ne yawan hasken da zai kama. Kwalayen talabijin da na firji da na fanka, waɗanda ake samu wajen masu sayar da kayan lantarki a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ko a Azare, sun fi kwalin taliya kauri nesa ba kusa ba. Sai takardar alminiyam mai sheƙi, wadda masu gashin kifi ke naɗe kifi da ita, naɗi ɗaya ko biyu. Sai gilashi fari tas mai kaurin milimita 4 ko kusa da haka, wanda zai rufe bakin ƙaramin kwalin har ya ɗan zarce. Gilashin tsohuwar taga ya isa, kuma mai yankan gilashi zai iya yanka shi daidai awo ya goge masa kaifin baki. Sai guntun langa-langa da za a shimfiɗa a ƙasan akwatin, da baƙin fenti irin na allon makaranta, da gam.

Gam ɗin ba sai an saya ba. Sitacin rogo ko garin fulawa da aka dama kamar koko mai kauri yana riƙe takarda a jikin kwali sosai, kuma ba ya fitar da wari idan ya yi zafi. Haka ma fenti, idan babu shi ana kankaro baƙin gindin tukunya a kwaɓa da wannan ƙullun a shafa. Abin cusawa a bango kuma yana zube a kowane ƙauye: ɓuntun shinkafa, ƙaiƙayin gero, ɓawon gyaɗa, dusar katako, auduga, tsumma, ko tsofaffin takardu da aka dunƙule. Sharaɗinsa ɗaya, ya bushe ƙayau. Abin da za a guje wa shi ne farin soson nan da ake tallabe kayan lantarki da shi a cikin kwali, domin yana narkewa ya fitar da wari mai cutarwa, da kuma salatif a duk inda zafi zai kai.

Haɗa akwatin

Za a fara da auna zurfin ƙaramin kwalin. A sa tukunyar da za a riƙa amfani da ita da murfinta a ciki, a yanke bangon kwalin yadda zai fi ta tsayi da santimita 3 ko 4 kawai. A nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna ganin zurfi shi ne alheri, alhali akwati mai zurfi bangonsa ne ke yi wa tukunya inuwa, ga kuma iska mai yawa da sai an ɗumama ta a banza. Bayan an yanke sai a shafa gam a cikin kwalin gaba ɗaya a manna takardar alminiyam, gefen da ya fi sheƙi yana kallon tukunya, a bi ta da tsumma a hankali ana gogewa don ta kwanta ba tare da tattarewa ba. A kula da kusurwoyi, a bar takardar ta hau kan 'yar'uwarta da faɗin yatsa biyu. Wannan shafin yana maido haske kan tukunya, yana kuma hana tururin abinci ratsa kwalin ya jiƙa abin da aka cusa, domin ɓuntun da ya sha danshi ba ya tare zafi.

A ƙasan babban kwalin sai a naɗe guntayen kwali kamar gammo, guda biyar ko shida, tsayinsu daidai da tazarar da aka bari, a manna su a kusurwoyi da tsakiya. Su ne za su ɗauki nauyin tukunya don kada ƙaramin kwalin ya nutse. A zuba ɓuntu a tsakaninsu, a ɗora ƙaramin kwalin, sannan a cika gefuna huɗu har baki, ana girgizawa don ya zauna amma ba a danna shi da ƙarfi, saboda iskar da ke maƙale a tsakanin ɓuntun ita ce ainihin mai tare zafin. A daidaita tsayin babban kwalin da na ƙaramin, a lanƙwaso fikafikansa su rufe tazarar, a manne su.

Bakin nan da gilashi zai zauna a kai shi ne wurin da ya cancanci a ɓata lokaci. Dole ya zama a miƙe, ba tudu ba kwari, domin 'yar kafar da tsinke zai shiga ta isa ta zubar da zafin da aka wuni ana tarawa. A yanko tsiri daga tsohon bargo ko zani mai kauri a manna shi kewaye da bakin, yadda gilashin zai kwanta a kansa ya toshe ko'ina. A lokacin hunturu, idan hali ya yi, gilashi biyu da tazarar yatsa ɗaya a tsakaninsu sun fi ɗaya riƙe zafi. Langa-langar kuma a yanke ta daidai ƙasan ƙaramin kwalin, a shafa mata baƙi a sama, a ɗora ta kan 'yan tsakuwoyi huɗu ko siraran guntayen katako don kada ta manne da ƙasa. Ita ce ke shan haske ta miƙa wa gindin tukunya.

Saura madubin akwatin. A yanko kwali daidai faɗin saman akwatin, a manna masa takardar alminiyam a gefe ɗaya, a yi iya ƙoƙari ta kwanta sumul, sannan a haɗa shi da bayan akwatin da tsirin atamfa da gam yadda zai riƙa buɗewa da rufewa kamar murfin adaka. A tokare shi da kara ko lanƙwasasshiyar waya, a huda ramuka uku ko huɗu a gefe don a riƙa canza tsayuwarsa. Idan an gama girki shi ne kuma murfin da ke kare gilashin.

Wanda ke da hali sai ya ba kafinta wannan awon ya yi masa akwatin waje da katako, wanda zai yi shekaru. Mata 'yan adashi ma za su iya haɗa kai su sayi babban gilashi guda a yanka musu, su kuma raba naɗin takarda, abin ya zo wa kowa da sauƙi.

Tukunya ma tana da nata sharaɗin. Wadda ta fi dacewa ita ce marar kauri, mai faɗi, marar zurfi, baƙa, mai murfin da ke zama daram. Tukunyar dalma mai nauyi da ta ƙasa suna dafawa, amma sai sun sha awa guda suna ɗumama kansu kafin su waiwayi abinci. Tukunyar da ta saba hawa murhu ta riga ta yi baƙi a gindi da gefe, sai dai murfinta, wanda shi ne ke fuskantar rana kai tsaye, yakan kasance fari yana ƙyalli yana korar hasken. A shafa masa baƙi ta waje, kada fenti ya taɓa ciki ko kaɗan. Tukwane biyu ƙanana sun fi babba ɗaya saurin nuna.

Kafin a sa abinci, a ajiye akwatin a rana kwana biyu da langa-langa da tukwanen ba komai a ciki, a ɗan ɗaga gilashin da tsinke don danshin gam da warin fenti su fice. Rana ta uku a gwada da ruwa lita ɗaya a tukunya a rufe, tun ƙarfe 10 na safe. Idan zuwa sha biyu ruwan yana fitar da 'yan kumfa, murfin kuma ba ya taɓuwa da hannu, aiki ya yi kyau. Idan ɗumi kawai ya yi, a bi bakin gilashin da bayan hannu a nemo inda zafi ke fita.

Sanin rana

Mutanenmu sun iya karanta inuwa tun kafin agogo, da ita ake gane zawali da shigar la'asar, kuma wannan ilimin ne ake buƙata a nan. Muddin inuwar mutum ta fi shi gajarta, rana ta yi sama yadda za ta dafa abinci, wato daga wajen ƙarfe 9 da rabi na safe zuwa wajen 3 na yamma. Idan inuwa ta kai tsayin mai ita, girki ya ƙare, sai dai riƙe ɗumi. Kaifin inuwar ma abin dubawa ne. Ranar da hazo ya yi kauri a Disamba ko Janairu har mutum yana iya kallon rana kamar farin faifai, inuwa kuma ta dusashe, kada a dogara da akwati a ranar, a hura murhu. Hazo mai sauƙi kuwa yana ƙara lokaci ne kawai, amma sai an riƙa goge ƙurar da ke sauka kan gilashi da madubi.

A nemi wuri a tsakar gida inda inuwar katanga ko ta darbejiya ko ta rumbu ba za ta iso ba har la'asar, kuma inda iska ba ta bugowa sosai. Yana da kyau a tsaya kwana ɗaya a lura da tafiyar inuwar gidan kafin a zaɓi wurin. A juya akwatin har inuwarsa ta faɗa a bayansa daidai, sannan a ɗaga ko a sauke madubin har an ga haskensa ya cika cikin akwatin. Bauchi tana kusa da digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga Satumba zuwa farkon Afrilu rana tana karkata kudu da tsakar rana, sai madubi ya tsaya ta arewa yana kallon kudu. A tsakiyar Afrilu takan bi ta tsakar ka, daga nan zuwa Agusta kuma ta ɗan karkata arewa. Idan ana gida, a juya akwatin ya bi rana sau ɗaya a awa ko awa biyu. Idan za a tafi gona ko unguwa, a saita shi inda rana za ta kasance da sha biyu, a danne gefensa da duwatsu saboda guguwa, a kuma kife masa shinge ko a ɗora shi kan abin da akuya ba za ta kai ba.

Girkin kansa

Shawarata ita ce a fara da farar shinkafa, domin ita ce mafi sauƙi, kuma nasarar ranar farko ita ce ke sa mutanen gida su yarda. A wanke shinkafa gwangwani biyu, a zuba ruwa gwangwani uku zuwa uku da rabi, a sa gishiri, a rufe, a sa a akwati da ƙarfe 10. Ruwan bai kai na murhu yawa ba saboda a nan kusan ba ya ƙonewa. Cikin awa biyu ko biyu da rabi ta nuna, ba ƙanzo, ba kamu. Wake kuwa a jiƙa shi tun dare, a sa shi da wuri, a ba shi awa uku zuwa biyar gwargwadon tsufansa, kuma 'yar kanwa tana taimakawa kamar yadda take yi a murhu. Idan garau-garau ake so, waken zai riga shiga da awa biyu sannan a zuba shinkafar. Dankali da doya da kabewa a yanka su ƙanana, ruwa kaɗan ya ishe su, awa biyu zuwa uku. Nama ba ya buƙatar ruwa sai ɗan abin da ba a rasa ba, shi da albasa da kayan ƙamshi za su fitar da romonsu, kuma bayan awa uku ko huɗu naman tsohuwar akuya ma yakan yi laushi. Alala a gwangwanaye masu murfi tana yi, haka dafaffiyar gyaɗa da gurjiya da ƙwai.

Abin da ya fi wuya a koya shi ne barin tukunya ta huta. Ranar da na fara kai irin wannan akwatin gidan goggona, wadda ta shekara fiye da arba'in tana girki, ba ta iya zama ba. Ta saba da jin ƙarar tafasa da ganin tururi, ga shi kuma tukunya ta yi tsit a bayan gilashi kamar ba abin da ke faruwa, sai ta riƙa tashi tana ɗaga gilashin tana buɗe murfi tana juyawa da ludayi. Har azahar shinkafar nan tana da tsakiya. Washegari na roƙe ta ta bar ta har a kira salla, ta zauna a inuwa tana tsince zogale tana satar kallon akwatin, da ta buɗe kuma tururi ya bugi fuskarta, ta ɗebi 'yan ƙwayoyi ta murza tsakanin yatsu ta ga sun nuna lugub. Duk buɗewa ɗaya tana zubar da zafin da sai an yi minti 10 zuwa 15 kafin ya dawo. Abinci a akwati ba ya kamawa kuma ba ya ƙonewa, don haka babu dalilin juyi. Alamar nuna ita ce raɓar da ke taruwa a cikin gilashi da ƙamshin da ke fitowa. Da za a ɗauko tukunya a sa tsumma, domin zafinta bai gaza na wadda aka sauke daga wuta ba.

Tuwo yana buƙatar dabara, tun da shi ne abincin dare a yawancin gidaje, kuma talge da tuƙi ba sa yiwuwa a bayan gilashi. Tuwon shinkafa yana yiwuwa: a ƙara wa shinkafar tuwo ruwa, a bar ta ta yi laushi sosai, a fito da ita a tuƙe da muciya tun tana da zafi. Na dawa da na masara kuwa, akwatin zai tafasa ruwan ya kuma dafa naman miya da daddawa da kayan miya, sai a ƙarasa a murhu da 'yan itatuwa biyu ko uku maimakon dami guda. Kuka da kuɓewa a kaɗa su a ƙarshe kamar yadda aka saba.

Daga la'asar zuwa lokacin cin abincin dare akwai tazara, kuma a nan ake buƙatar kulawa, domin dafaffen abincin da zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 60 ya zauna fiye da awa biyu wuri ne da ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Maganin wannan shi ne kwandon riƙe zafi. A sami babban kwando ko kwali, a shimfiɗa masa tsumma da auduga ko buhun da aka cika da ɓuntu, kauri kamar tafin hannu a ƙasa da gefe, a ɗinka matashi guda da zai toshe sama. Da an fito da tukunya daga akwati tana tururi, a sa ta ciki ba tare da an buɗe ba, a danne da matashin. Takan riƙe zafi awa uku zuwa huɗu, wanda ya isa ya kai abinci magariba, kuma a 'yan shekarun nan da azumi ke faɗowa a rani wannan ya sauƙaƙa wa mata aikin buɗa-baki. Idan aka buɗe aka tarar ya huce, a mayar da shi wuta ya tafasa kafin a ci. Wannan kwandon yana aiki har da damina: wake ya tafasa minti 15 ko 20 a murhu, a sa shi a kwando, ya ƙarasa nuna da kansa.

Ruwan sha ma ya cancanci wuri a akwatin duk ranar da babu tukunya ta biyu. Ƙwayoyin da ke kawo amai da gudawa da taifot suna mutuwa idan ruwa ya kai digiri 65, kuma akwai 'yar na'ura mai kakin da ke narkewa a daidai wannan zafin don nuna cewa an kai. Inda babu ita, a bar ruwan har a ga yana tafasa ko yana fitar da kumfa sosai, a lissafa kamar awa guda ga kowace lita. A tace ruwa mai laka da tsaftataccen ƙyalle tukuna, a bar shi ya huce a rufe, a zuba a randa mai murfi da moɗa ta musamman. Bauchi tana cikin jihohin da annobar kwalara ta 2021 ta fi yi wa ɓarna, sai dai ita kwalara ta fi tashi da damina, lokacin da rana ba ta da tabbas, saboda haka a ranakun hadari a tafasa ruwan a wuta, kada a jira sama ta washe.

Akwai wani nau'in na'urar girki da rana da ake yi da tsohon faifan satalayit da aka lulluɓe da takarda mai sheƙi, wanda ke tara haske wuri guda a gindin tukunya. Shi yana soya ƙosai yana tafasa shayi cikin mintoci, amma sai an riƙa juya shi kowane minti 15, haskensa yana iya lahanta ido, kuma idan aka bar shi yana kallon rana kusa da jinka ko zana ko tarin kara zai iya tayar da gobara. A gidan da yara ke kai da kawo ba na ba da shawarar a fara da shi. Wanda ya riga ya mallaka ya riƙa juya masa baya ga rana ko ya rufe shi da zani da zarar an sauke tukunya.

Kulawar akwati ba ta da yawa. Bayan kowane girki a goge raɓar gilashi, a bar shi a buɗe na ɗan lokaci ya sha iska, sannan a shigar da shi ɗaki, domin raɓar dare tana lalata kwali. Kada a ajiye shi a ƙasa kai tsaye saboda gara, a ɗora shi kan duwatsu ko benci. Inda takarda ta yage a manna sabuwa a kai, idan kuma ɓuntu ya zauna ya bar rami a saman bango a buɗe a ƙara. Idan damina ta kankama a watan Yuli da Agusta, a cire gilashin a naɗe shi da tsohon zani a jingine inda yara ba sa kaiwa, a rataye akwatin a wuri busasshe, a ci gaba da murhu da kwandon riƙe zafi. Da ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, sama ta washe, sabon wake ya shigo gida, sai a sauko da shi a shanya shi kwana ɗaya ba komai a ciki, a sake gwada shi da ruwa lita ɗaya kafin a ɗora tukunyar farko.